Talaka da mai hali a gaban mutuwa: tambayoyi da amsoshi daga Tawa

Shekaru da dama na yi ina aikin jinya a ƙananan gidajen likita na karkarar Adar kafin in dawo cikin garin Tawa. Tambayoyin da ke ƙasa a wurare daban-daban aka yi mini su: wasu a zaman makoki, wasu a fada ana shan shayi, wasu a bakin ɗakin haihuwa daga mutanen da hankalinsu ya tashi. Na tattara su ne saboda wani abu da na daɗe ina gani, wanda har yau ya hana ni sakat. Akasarin talakawan da suka cika a gabana, cutar da ta ɗauke su tana da magani, kuma sau da yawa maganin ba shi da wata tsada.

Mutuwa rigar kowa ce. To wane bambanci ake magana a kai?

Gaskiya ne, kowa zai sa ta. Abin da ake ƙirgawa shi ne a shekara nawa mutum ya sa ta, kuma ta wace ƙofa ta shigo masa. Idan aka ɗauki mutum dubu masu hali da mutum dubu marasa hali aka bi su shekara goma, gawar da za a fitar daga ɓangaren biyu ba ta zuwa daidai.

A Faransa, hukumar ƙididdigarsu ta fitar a 2018 cewa maza kashi 5 cikin ɗari da suka fi kowa samu suna rayuwa kimanin shekara 13 fiye da kashi 5 da suka fi kowa rashi. A Amurka, wani babban bincike na 2016 ya samu kusan shekara 15 tsakanin mazan da ke can ƙololuwa da na can ƙasa, mata kuma shekara 10. A nan Nijar, binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna yaron da aka haifa a karkara ya kusan ninka na birni sau biyu wajen yiwuwar rasuwa kafin ya cika shekara biyar. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, wani lokaci ma dangi ɗaya, ɗaya a Yamai ɗaya a ƙauye.

Amma ai ajali ne. Wannan magana ba ja da ƙaddara ba ce?

Wannan tambayar ita ce aka fi yi mini, kuma ina girmama masu yin ta. Ni ma na yi imani babu ran da zai wuce lokacinsa. Sai dai addinin da ya koya mana haka, shi ne ya koya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Kalmar ajali tana sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa, kuma ba zan taɓa ƙwace mata ita ba. Inda nake jin ciwo shi ne idan mai iko, ko ma'aikacin lafiya, ko mijin da ya hana kuɗin mota, ya ɗauki kalmar ya lulluɓe sakacinsa da ita. Mu da muke raye za a tambaye mu abin da muka yi da sababin da aka ba mu.

Wa ya fara gano wannan, kuma ta yaya?

Tun a shekarun 1820 wani likita a Paris, Louis-René Villermé, ya jera unguwannin birnin ya duba inda aka fi mutuwa. Ya gwada kusanci da kogi, ya gwada tudu da kwari, bai samu abin kamawa ba. Da ya jera unguwannin bisa yawan gidajen da aka yafe wa haraji saboda talauci, sai lissafin ya hau daidai.

Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne binciken Whitehall na Ingila, wanda aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000, kuma sunan Michael Marmot ya shahara da shi. Dukansu suna da aiki, suna da albashi, asibiti kuma kyauta ne a ƙasar tun 1948. Duk da haka, cikin shekara goma masinjoji da masu gadin ƙofa sun ninka manyan daraktoci kusan sau uku wajen mutuwa. Abin bai tsaya a sama da ƙasa kawai ba. Kamar matakalar bene yake: kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. Shan taba da hawan jini da kitsen jini ba su bayyana ko rabin tazarar ba. Sauran yana cikin yadda mutum ke rayuwa: gidan da yake kwana, abin da ya ci tun yana yaro, da ko yana da ta cewa a kan aikinsa da rayuwarsa.

Tazarar iri ɗaya ce a kowace cuta?

A'a, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar take. Inda likitanci bai da abin yi sosai, kamar wasu nau'o'in ciwon dajin ƙwaƙwalwa ko na wata gaɓar ciki da ake kira pankiriyas, mai hali da talaka ba su da nisa da juna. Inda kuwa aka san rigakafi, aka san magani, nan tazarar ke buɗewa kamar bakin rijiya. Wasu masana biyu a Amurka, Bruce Link da Jo Phelan, sun bayyana dalilin a 1995. Kuɗi da ilimi da sanin mutane da faɗa a ji abubuwa ne da ake iya juya su a kare kai daga kowace irin cuta da ta zo. Da zarar an gano maganin wata cuta, mai waɗannan abubuwa shi ke fara kai hannu.

Dubi dajin bakin mahaifa. Yana da allurar rigakafi, kuma ana iya ganin alamarsa da wuri a ƙone ta kafin ta zama daji. Cikin mata kusan 350,000 da ya kashe a duniya a 2022, fiye da 9 cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suke. Dajin yara kuma, a ƙasashe masu arziki fiye da 8 cikin 10 suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu ba su kai 3 cikin 10 ba. Haka amosanin jini, wanda a nan muke ce wa emasi. Gadonsa ake yi, bai zaɓi gidan mai kuɗi ko na talaka ba. Amma a Ingila da Faransa fiye da 9 cikin 10 na masu shi suna kai girma, alhali a ƙauyukanmu yara da yawa suna tafiya tun ba a taɓa auna jininsu an san abin da ke damunsu ba. Cibiyar ƙasa mai kula da cutar tana Yamai, fiye da kilomita 500 daga nan.

Me ke kashe yaran talakawa a jaharmu?

Masassarar cizon sauro ce kan gaba, sai zawo, ciwon haƙarƙari da ke hana numfashi, sanƙarau da dussa, sannan matsalolin watan farko na haihuwa. A ƙarƙashinsu duka akwai tamowa. A duniya, kusan rabin yaran da ke rasuwa kafin shekara biyar rashin abinci mai gina jiki na da hannu a ciki. Yaron da jikinsa ke da ƙwari zawo na kwana uku zai galabaita shi ya tashi. Mai tamowa, wannan zawon ne zai tafi da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijar cikin ƙasashe huɗu da ke ɗauke da kusan rabin mutuwar da masassarar cizon sauro ke yi a duniya, tare da Najeriya, Kwango da Tanzaniya. Sauro bai tambayi aljihun kowa ba, amma a duba lokacin da cutar ke tsananta. Daga watan 8 zuwa na 10 ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, kowa na gona, korama ta cika ta yanke hanya, kuɗin da ɗan bida ya aiko daga Abijan ko Libiya ya ƙare. Duk nauyin a wata guda yake haɗuwa a kan gida guda.

Ma'aikaci a cikin Tawa, ɗansa ya yi zafin jiki da dare, da safe an ɗiga jininsa an auna, kafin azahar ya fara shan magani. A ƙauyen da ke nesa da gidan likita kuwa, ranar farko ana jiƙa saiwa ko a sayi ƙwaya a tebur. Rana ta biyu ana jiran maigida ya dawo daga gona, domin ba a fita da yaro sai da izininsa. Rana ta uku yaro ya fara sanƙamewa, idonsa ya yi fari fat, jini ya ƙone. A lokacin ne ake ɗaura amalanke. Ita kuwa wannan masassara tana iya kai yaro ga halaka cikin awa 24 idan ta yi tsanani. Idan sun iso, abin da yake buƙata ƙarin jini ne, kuma ƙaramin gidan likita ba ya da shi, sai an tura su gaba.

Ba na ganin laifin uwayen nan. Na ga wadda ta goyo yaro ta yi tafiyar rabin yini a ƙasa cikin caɓi. Da ta kwance goyon ta ce mini, "Likita, duba mini shi, tun hanya ya yi shiru." Na san abin da ya faru tun kafin in taɓa shi.

Mata masu ciki fa?

Binciken 2006 ya ba da mata 648 da ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijar, na 2012 ya ba da 535. A ƙasashen Turai da yawa adadin bai kai 10 ba. Da wuya a samu wani sababin mutuwa da tazararsa ta kai wannan faɗi. Masu kashewar sanannu ne: zubar jini, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Kowanne an san abin da ake yi masa.

A 1994 wasu masu bincike mata biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun kasa abin gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Talaka ne kaɗai ke haɗuwa da ukun a dare ɗaya. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai lafiya cikin awa biyu. Macen da ke Abalak ko Buza ko cikin garin Madawa tana da dama. Wadda ke wani zango a arewacin Cintabaraden ko Tasara, awa biyun nan a neman mota kawai za su ƙare. A 2012, kusan mata 8 cikin 10 na birni ma'aikacin lafiya ne ya karɓi haihuwarsu, a karkara kusan 2 cikin 10.

Sai kuma shekarun yarinyar. Binciken 2012 ya nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na matanmu an aurar da su kafin su kai 18, kuma abin ya fi yawa a gidajen da babu hali, babu lakol. Ƙugun da bai gama buɗewa ba shi ke kawo doguwar naƙuda. Wadda ta tsira da rai sau da yawa ta rasa jaririn, ta koma gida da yoyon fitsari.

Akwai abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa a nan. Daga wajen 2015 Nijar ta baza wani tsari mai sauƙi a gidajen haihuwa na ƙasa baki ɗaya: ƙwayar misoprostol, balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa ya danne jijiyoyin jini, da wata riga mai matse ƙafafu da ciki har a kai mace babban asibiti. Sakamakon da mujallar Lancet ta fannin lafiyar duniya ta buga ya nuna mutuwar zubar jini a gidajen haihuwa ta ragu da fiye da rabi. Kayan ba su da tsada. An kai su inda matan suke ne kawai.

Hawan jini da ciwon suga ai na masu kuɗi ne, ko ba haka ba?

Da ɗan gaskiya a ciki. Ƙiba da suga sun fi yawa a birni, wurin masu zaman ofis da mota da lemun kwalba. A Turai ma, a farkon ƙarnin da ya wuce ciwon zuciya ana ganinsa ciwon manya ne, daga baya ya gangaro ya fi kashe leburori.

Amma kamuwa daban, mutuwa daban. Hawan jini ya cika ƙauyukanmu, ba a dai auna shi. Alhajin da ke da shi ya sani, yana da na'urar awo a ɗaki, yana shan ƙwayarsa kullum, zai iya shekara ashirin da shi. Manomi kuwa ranar da ya faɗi a gona, ɓarin jiki ya shanye, ranar ake sanin yana da shi, wani lokaci ma a ce iska ce ta buge shi. Waɗannan cututtuka ne na sayen magani har ƙarshen rai, ga insulin, allurar masu suga, na son sanyi a garin da babu wuta. Idan ƙoda ta gaza sai wanki sau biyu ko uku a mako, a babban birni. Gashin ciwon daji da na'ura kuwa sai a 2021 aka fara shi a Yamai. Iyali nawa ne a Keita ko Bagaruwa za su iya ajiye majinyaci da mai jinya wata uku a Yamai?

Kada a manta da hayaƙin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana da hannu a mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Mai girki da gaz ba ta shaƙarsa. Mai girki da kara da kashin shanu tana shaƙa sau biyu a yini, da goyo a bayanta.

Haɗari da gobara da ambaliya ma sun san talaka?

Sun san shi sarai. A watan 4 na 2021 yara kusan 20 suka ƙone a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a azuzuwan zana. A watan 11 na shekarar irin haka ta sake faruwa a Maraɗi. Ɗan mai hali ba a ajin zana yake karatu ba. A watan 5 na 2019 motar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi ta kashe fiye da 50. A watan 10 na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abinci. Ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, da yawansu gidan laka ne ya rufta musu, ko kuwa a bakin kwari suka yi gini saboda nan ne fili ke da araha.

Haka a kan hanya. Mai kabu-kabu ba hular kwano, masu hawa saman kaya a motar kasuwa, samarinmu da ke shiga ramin zinariya ba abin tokare ƙasa. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gaggawa ya san su wa ake kawowa.

Kuɗi ne ya fi muhimmanci ko ilimi?

A karkararmu, tsakanin mai akuya goma da mai akuya biyu ba a cika ganin bambanci mai yawa wajen mutuwar yara ba, tunda rijiya ɗaya suke sha, hanya ɗaya suke bi, gidan likita ɗaya ya yi musu nisa. Bambancin na fitowa fili ne idan aka zo ga birni, ko ga uwar da ta yi karatu. Uwar da ta kai sakandare takan yi aure a makare kaɗan, tana zuwa awon ciki, tana riƙe da katin rigakafi, kuma idan ma'aikaci ya yi mata tsawa ba ta juyawa gida, sai an duba mata ɗanta. Wannan na ƙarshen na gan shi da idona ba sau ɗaya ba.

Ba an ce maganin yara da na masu ciki kyauta ne ba?

An ce, kuma ya yi aiki. A zamanin Shugaba Tandja Mamadu aka mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, sai kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki a 2006, aka kuma gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Yunwar 2005, wadda ta taɓa Tawa da Maraɗi da Damagaram, ta sa aka kafa cibiyoyin tamowa tare da abincin gyaɗar nan da mata ke ce wa biskit. Mutuwar yara 'yan ƙasa da biyar ta sauko daga 318 cikin 1,000 a 1992 zuwa 198 a 2006, zuwa 127 a 2012. Duniya ta yaba. Amma binciken 2021 ya ba da 123, wato saukar ta kusan tsayawa cik.

Matsalar ita ce gwamnati kan yi jinkirin biyan gidajen likita kuɗin aikin da suka yi kyauta, har kantar magani ta bushe. Uwa ta zo, a duba yaro kyauta, a miƙa mata takarda ta je farmasi. Na sha rubuta irin takardar nan ina sane ba za a saya ba. Wani dattijo ya taɓa riƙe tawa ya ce, "Ɗana, cikin ukun nan wanne ne in ba shi ba yaron zai mutu? Shi zan iya." Daga 1 ga watan 9 na 2024 hukumomi sun rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. Sauƙi ne na gaske. Kuɗin mota, da abincin mai jinya, da gonar da aka bari ba nome, suna nan a wuyan iyali.

Mutum ya rasu a ƙauye an rufe shi kafin la'asar. Ta ina ake sanin abin da ya kashe shi?

Yawancin mutuwarmu a gida take faruwa, ba takardar likita, ba a kai sanarwa ofishin magajin gari. Saboda haka masu bincike ke bin gida-gida suna tambayar iyali yadda ciwon ya fara, kwana nawa ya yi, akwai zafin jiki, akwai sanƙarewar wuya, sannan likitoci su fitar da sababin da ya fi kama da gaskiya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi irin wannan a kan mutuwar yara a 2012. Rajistar asibiti kuwa waɗanda suka iso kawai take ƙirgawa, don haka wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi ɓacewa daga lissafi. Idan an yi muku rasuwa, ku daure ku kai sanarwa. Da irin wannan ƙirga ake yanke inda za a kai ungozoma da motar marasa lafiya.

Akwai abin da ya taɓa rufe wannan tazara?

Akwai, kuma sanƙarau ya nuna mana fuska biyu. Manya suna tuna annobar 1995 da 1996, yadda aka riƙa kwantar da mutane a rumfuna. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, kyauta, ga duk mai shekara 1 zuwa 29, gari-gari, ruga-ruga. Nau'in A da ke kawo manyan annoba ya kusan ɓacewa, ga ɗan minista da ɗan makiyayi baki ɗaya. Sai a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai. Allurar ta yi ƙaranci. Masu kuɗi suka yi layi a farmasi suna saye, marasa shi suka zauna jira, har jabun allura ta shigo kasuwa.

Wani likitan ƙauyen masu haƙar kwal a Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta a 1971 cewa kulawa mai kyau takan yi ƙaranci a daidai inda aka fi buƙatarta, kuma abin ya fi muni inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Abin da aka ajiye a asibiti aka ce mai so ya zo, mai hali ke fara samu. Abin da aka ɗauka aka kai ƙofar gida, shi ke isa ga talaka. Shi ya sa nake ba da muhimmanci ga maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 a kowane wata na damina, da rabon gidan sauro, da allurar rigakafin masassarar da aka fara a Gaya a 2024.

Na ga ƙauyukan da suka kafa asusu, kowane gida na zuba ɗan abin da ya samu bayan kaka, domin man motar da za ta ɗauki mai naƙuda. Na ga mazan da kafin su tafi bida suke tara iyayensu da matansu su ce, in yaro ya yi zafin jiki ko mai ciki ta ga jini, a tafi likita, kada a jira waya daga gare ni. A gidajen da aka bar wannan izini, ranar farko ake kawo mana yaro, yana kuka da ƙarfinsa, mu auna shi mu ba shi ƙwayar kwana uku su koma gida kafin magariba.